Ranar da Aka Kai Fuskar Unaisi

Shafi na 23

Masu cewa Torika ta cika zargi, ku gyara zama. Yau ma za ta yi.

Tun da suka fara sana'ar yawo da baƙi a jirgi mai ɗakuna, babu lungun teku a tsibiran gabashin Fiji da Torika ba ta kwana a cikinsa ba, in ban da Sawaliku. Alhali duk wanda ya san ruwa ya san babu mafaka kamar Sawaliku. Tuddai sun rungume shi, duwatsun murjani sun tare bakinsa, ko iska ta haukace a waje, a ciki shayi ba ya motsi a kofi. Amma mijinta Kitione kullum maganarsa ɗaya ce, wai ƙasan wurin taɓo ne mai santsi, anka, ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, ba ta kamawa. Akwai shekarar da guguwa ta rutsa da su a bakin wurin tare da wasu Turawa ma'aurata, matar tana amai, mijin yana koyon addu'a, amma Kitione ya gwammace su yi ta tangal-tangal a waje har iska ta gaji. Torika ta yarda da batun taɓo a lokacin. Mace ce mai yarda da mijinta a kan abin da ya shafi ƙasan teku, tun da ba ta taɓa sauka ta duba ba.

To yau da hantsi, teku kwance kamar tabarma, babu baƙo ko ɗaya a jirgin, sai Kitione ya karya kai ya nufi Sawaliku.

Aikinta ne in za a shiga sabon wuri ta tsaya a goshin jirgi tana nuna masa duwatsu da hannu. Ta tsaya. Kafin ta ɗaga hannu ya kauce wa na farko. Kafin ta hango na biyu ya wuce shi. Akwai wani ma da ba a ganinsa sai an hau kansa, shi kuwa ya zagaye shi da hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana sosa ƙeya. Jirgin nan nasu, da ya raɗa wa suna Kwanciyar Hankali, gida ne aka ɗaura wa inji, ba ya juyawa sai an roƙe shi. Yau ya bi ta ƙofar murjanin kamar akuya mai komawa gida da yamma.

'Yarsu Unaisi ta saki anka. Ta kama tun a jefin farko. Torika ta leƙa. Ruwan garau yake har ƙasa, ƙasan kuma yashi ne fari tas.

"Baban Unaisi," ta ce, "taɓon naka ya yi fari."

Ya ce teku ai yana canzawa. Bai dube ta ba.

Ita ma ba ta ja ba. Tun jiya take tara abubuwa a ranta, irin yadda ake tara ƙirare. Na farko Kawu Peniasi, wan mahaifiyar Kitione, wanda shi ke yi wa danginsu magana a duk wani taro. Ya shigo jirgi wai iskar teku yake so saboda gwiwoyinsa, amma ya zo da kwat ɗin cocinsa a cikin leda, har da laktaye. Torika ba ta taɓa jin ciwon gwiwar da ke buƙatar laktaye ba. Na biyu ɗakin baƙi na baya, da Kitione ya kulle wai ya yi feshin kyankyasai. Na uku gindin jirgin, da ya nutse fiye da yadda ta san shi, sai ka ce kyankyasan sun yi ƙiba. Kuma duk ta haɗiye, don ranta ya riga ya ɓaci tun a kasuwar Savusavu, inda ta tarar da rumfar Salanieta mai kaguwa a rufe, maƙwabciyarta ta ce ta tafi gida, suna da hidima. Shekara da shekaru a wurinta Torika ke sayen kaguwa. Babu mai yi mata ragi kamar ita, kuma kullum sai ta ɗora wata ƙatuwa a kai ta ce ta yarinya ce. Duk kasuwar nan Maman Unaisi suke kiranta, Salanieta ce kaɗai ke kiranta Torika gatsal, kamar tare suka yi wasan ƙasa. Torika tana jin daɗin haka. Tana kuma alfahari da iya cinikinta. Jiya dole ta sayi na wata, ƙanana, marasa nama.

Yanzu ta ƙara na huɗu a kan ƙiraren. Daga garin, can bayan bishiyoyin kwakwa, hayaƙi ke tashi mai kauri, irin na ramin gasa nama da aka haƙa tun asuba. An kafa rumfa da sabon kwano a filin gari. Mutanen nan baƙi suke jira, kuma babu wani jirgi a mashigin sai nasu.

Maza suna can gaba suna sauke ƙaramin kwalekwale, Unaisi ta shiga wanka. Torika ta ɗauko makullinta. Abin da maza ke mantawa ke nan, mai sharar ɗaki tana da nata makullin.

Babu warin feshi. Warin kananzir ne da sabon yadi. Bandir-bandir na yadi sun hau gado har sun kusa taɓa rufi, durom-durom na kananzir a jere a jikin bango, kwalayen sabulu, sababbin tabarmi a naɗe. A kan kujera an ninke masi, yadin ɓawon itacen da ake naɗa wa wanda ake yi wa biki, an yanka shi daidai tsawon budurwa. Ta ɗaga matashi. Ga tambuwa nan a kwance, haƙorin ƙaton kifin teku, ya sha man kwakwa yana ƙyalli, da igiyarsa ta saƙar ɓawon kwakwa.

Ta zauna a bakin gadon, a inda yadi ya bar mata.

In gaisuwar neman izinin kwana a ruwan mutane ce, damin saiwar yangona da ake jiƙawa a sha a taro ya isa, kuma suna da shi a kicin. Haƙori ba abin yawo ba ne. Ana fito da shi in za a nemi aure, ko a yi ta'aziyyar babba, ko a roƙi gafara. In kuwa aka haɗa shi da yadi da kananzir da masi na budurwa, ko yaron goye a ƙasar nan ya san sunan abin. Kai fuska. Dangin uba ne ke ɗaukar ɗa su kai shi garin uwarsa, su nuna musu fuskarsa, su ce ga jininku. Dangin uba su ke kaiwa, dangin uwa su ke karɓa.

Ita kuwa abin da aka gaya mata daban ne. Shekarun baya, tana gidan iyayenta a Kadavu tana jinyar ɓarin cikinta na uku, Kitione ya tafi jana'izar ƙanwarsa Asenaca, ya dawo mata da jaririya a cikin tawul. Ya ce Asenaca ta rasu wurin haihuwa, uban wani ma'aikacin jirgi ne da ya ɓace, sunan ma ita ta zaɓa kafin ta cika. In haka ne, garin uwar Unaisi shi ne garin Kitione. Shi ya kamata ya zauna a tabarma a kawo masa yadi, ba shi zai sayi yadi ya ɓoye wa kyankyasai ba. A yadda aka ba ta labari, babu wanda ke cikin jirgin nan da ke da uwa a Sawaliku.

Ta ɗauki haƙorin. Ya fi yadda take zato nauyi. Ta kulle ɗakin, ta wuce kicin, ta buɗe bokitin fulawa, ta tura shi har ƙasa, ta shafe saman da bayan cokali. Sannan ta ɗora ruwan shayi, don ta lura duk wata masifa a rayuwarta da shayi a hannu ta same ta, ba ta ga dalilin canza tsari yau ba.

Ta kai wa Kawu Peniasi nasa a inuwar rumfar baya. Ta durƙusa yadda ya kamata, ta tambaye shi gwiwoyi. Ya ce da sauƙi, iskar nan magani ce. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa Sawaliku. Ya ce ƙila, da jimawa, tsufa ya cinye masa wurare. Ta ce ga alama mutanen garin suna da biki. Ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin da mamaki mai kyau, irin na mutumin da ya shekara hamsin yana magana a gaban sarakuna, ya ce lalle kuwa, ƙila na coci ne.

"Ƙila," in ji Torika. "Ka ga amfanin zuwa da laktaye."

Kawu ya hura shayinsa, ya daɗe yana hurawa.

Daga gari aka buga gangar itace. Tana kicin tana fasa ƙananan kaguwoyin nan ta ji makulli a ɗakin baya. Ta ji shiru. Ta ji ana ture yadi. Ta ji durom ya faɗi. Can sai ga Kitione a ƙofar kicin, gumi ya jiƙa masa farar rigar da ita ta goge masa shekaranjiya ba tare da ta san ta ina ce ba.

"Maman Unaisi, ko kin shiga ɗakin baya?"

"Ɗakin guba? Allah ya tsare ni."

"Akwai abin da na ajiye."

"Kyankyasai ne. In suka ga an tara musu yadi haka, gani suke an ba su gidan."

Ya shigo ya ja ƙofa. Kicin ɗin jirgi ba a yi shi don mutum biyu masu fushi ba. Ya rage murya ya ce ta taimake shi, mutane suna jira, ruwa ya fara janyewa, ko sun so fita ba za su iya ba sai yamma ta yi, kuma in Kawu ya sauka hannu wofi an kunyata danginsu har jikoki. Ya ce in sun dawo zai zauna ya yi mata bayani tun daga farko. Ta bar shi ya gama, ta ajiye wuƙa, ta wanke hannu.

"'Yar wa na raina?"

Ya buɗe baki.

"Kada ka ce Asenaca. Ta huta haka."

Sai ya zauna a kan tukunyar gas, ya faɗi abin da ta riga ta sani, cikin muryar da yake karanta wa baƙi ƙa'idar amfani da banɗaki. A shekarar da take Kadavu, jirgin kwakwar da yake wa aiki ya lalace a Sawaliku, suka daɗe suna jiran kayan gyara. Akwai wata yarinya. Iyayenta suka ce ba za su riƙe ɗan da ba a yi masa aure ba, in yana so ya zo ya ɗauka. Ana cikin haka Asenaca ta rasu a Nadi, zazzaɓi ne ya kashe ta, ba ta taɓa ko ɓari ba. Mahaifiyarsa ce ta ga cewa abubuwan biyu sun zo daidai.

"Ta dai mutu ko?"

"Ta mutu."

"To madalla. Akwai gaskiya ɗaya."

Kowace shekara takan kai Unaisi kabarin nan. Su share, su cire ciyawa, su ɗaura sabon yadi a sanduna, ta ce wa yarinya gai da mamanki ta farko. Sau da yawa ita ce ke kuka, don tausayin matar da ba ta ga 'yarta ta yi tafiya ba. Dangin Kitione sukan tsaya a gefe, kawuna a sunkuye. Ta ɗauka baƙin ciki ne.

Ta tambaye shi wa da wa suka sani. Ya fara lissafi, ta ga ba shi da niyyar tsayawa, ta ce ya faɗi waɗanda ba su sani ba, zai fi sauri. Ya dube ta. Ta ce ta gane, mutum ɗaya ce.

"Matar tana raye?"

Ya dubi taga. A tagar akwai hayaƙi da sabon kwano.

Torika ta san abin da zai biyo baya, ta sha zama a irin taron nan. Za a shimfiɗa wa Unaisi tabarmi, a zaunar da ita a tsakiyar dangin uwarta. Daga yau tana da gari, tana da kawunnan da za ta shiga gidansu ta ɗauki abin da ranta ke so ba mai cewa uffan. Za a nuna wata mace a gaban jama'a a ce ga wadda ta haife ta. Ita kuwa da ta yi goyo da tsarki da zaman asibiti, ba ta san inda aka tanadar mata ba. Ta tambaya.

Kitione ya share gumi. "Na ga kamar... ai dole wani ya tsaya ya kula da anka."

Ta dube shi. Sun yi shekaru masu yawa tare, ta san shi da rowa, ta san shi da minshari, amma ba ta san yana da irin wannan baiwar ba.

"Ankar da ta kama a yashi."

"Don kada ranki ya ɓaci ne."

"Allah ya saka."

Aka sake buga ganga, wannan karon da ɗan gaggawa. Kawu Peniasi ya iso ƙofa, ya riga ya sa kwat, gwiwoyin sun kawo shi da sauri abin sha'awa. Ya kira ta 'yata. Ya yi magana mai daɗi a kan haƙuri da zumunci, da yadda Unaisi za ta haye teku zuwa aikin jinya a Ostareliya wata mai zuwa, kuma ba a barin ɗa ya yi nisa da fuskar da ba a kai ba. Ya ce laifi an yi, kuma za a zo mata da nata haƙorin har Kadavu a roƙe ta a gaban iyayenta. Amma na yau na yau ne. In babu shi a hannunsa, ba shi da bakin magana a gaban mutanen can.

Torika ta ce ta ji, kuma ta tausaya masa ƙwarai. Ta ce ga shawara, su sauka su ce iskar teku suka zo sha.

A nan abin ya tsaya. Maza biyu a ƙofa, ita a gaban kaguwa, gari guda yana jira da abinci a rami. Ta ji wani abu mai kama da daɗi, ba ta kuma ji kunyar jinsa ba. In ta ga dama za su zauna a haka har ruwa ya dawo, su ja ankarsu su fita, Sawaliku ta ci naman alade ita kaɗai. Yarinyar ba ta san komai ba, kuma ba za ta sani ba sai ranar da ita Torika ta zaɓa, da irin kalmomin da ta zaɓa. Wannan kaɗai aka bar mata, ba za ta bayar ba.

"Baba, Kaka, ku ba mu wuri."

Unaisi ce. Ta shafe jikinta da man kwakwa har tana ɗaukar ido, ta taje gashinta ya tashi. A hannunta masi ne, ta rungume shi a ƙirji. Mazan suka fice da saurin da ya nuna sun daɗe suna neman wanda zai kore su.

Ba ta yi waige-waige ba. Ta zo ta ɗora tafin hannu a kan murfin bokitin fulawa, ba ta buɗe ba.

"Tun ina ƙarama a nan kike ɓoye alewa, Mama."

Torika ta dubi masin, ta dubi man da ke wuyanta.

"Wa ya ce ki shafa mai?"

"Ni na ce a kawo ni."

Injin firij ya tashi, ya yi gurnaninsa, ya mutu. Unaisi ta yi bayani a tsaye, ba ta ɗaga hannu daga murfin ba. A makarantar jinya a Suva wani yaro ɗan Sawaliku ya fara nemanta. Har yana tsokanarta wai sunanta sunan yayarsa ne da ta mutu tana jaririya. Da hutu ya kai hotonta gida yana fahariya. Uwarsa ta ga hoton, ba ta ce masa komai ba, ta hau jirgin Suva a makon, ta sami Unaisi a ƙofar makaranta, ta ce ita ce ta haife ta.

"Kin ga a can ma an kashe ni," in ji ta. "Ba ke kaɗai aka ba gawa ba."

"Yaushe?"

"Bara."

Bara. Torika ta tuna Kirsimeti, ta tuna zuwansu kabari, yarinyar nan ta durƙusa ta cire ciyawa tsaf, ta ɗaura yadi, ta gai da mamanta ta farko ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Ashe jinin gidan ne. Sun iya tsayawa a gefen kabari.

Unaisi ta ce ta roƙi Baba ya gaya wa Mama, ya ce bayan Ista. Ista ta wuce, ya ce in baƙi sun ragu. Ita kuma duk ranar da ta shirya faɗa, sai ta tarar Mama ta ajiye mata wani abu a kwano an rufe, sai ta kasa.

"To yanzu me kike so?"

"Zan sauka, Mama. Da haƙori ko babu. In babu, zan shiga garin kamar wadda aka tsinta." Ta miƙo masin. "Amma ban iya ɗaura wannan ba. Kuma ba maza ke ɗaurawa ba."

"Can akwai mai ɗaura miki."

"A can kwancewa ake yi. Daga gida ake ɗaurowa."

Torika ba ta karɓa nan da nan ba. Ta so ta ga ko hannun zai gaji ya sauka. Bai sauka ba. Ita ta koya mata wannan taurin kan, babu wanda za ta kai wa ƙara.

Ta karɓa. Ta juya ta, ta naɗa na ƙasa, ta naɗa na tsakiya, ta ja ɗamarar da ƙarfin da ya wuce buƙata har yarinyar ta yi ɗan nishi. Tana ɗaurin ne ta yi tambayar, don ta fi sauƙi a bayan mutum.

"Wace ce?"

"Ta roƙe ni kada in faɗa. Ta ce ita za ta gaya miki da bakinta."

Hannun Torika ya tsaya a kan ƙulli.

"Ta san ni ne?"

Aka buga ganga a karo na uku. Unaisi ta ce ruwa yana janyewa.

Torika ta tura hannu a fulawa har gwiwar hannu, ta zaro haƙorin, ta goge shi da gefen zanenta. Ta shiga ɗaki ta sa rigar cocinta mai ruwan goro. Da ta fito Kawu ya miƙo hannu biyu da ladabi, ta wuce shi. Ta ce ita za ta riƙe har bakin yashi. Kuma kafin ta ba shi, sai ya yi mata alkawari ɗaya: in ya tashi jawabi, a gaban sarkinsu da matansu da karnukansu, zai nuna ta ya kira ta da sunan da aka san ta da shi a kowane tsibiri. Ba matar Kitione ba. Ba wadda ta riƙe ta ba. Maman Unaisi.

Kawu ya gyara laktaye. Ya ce a irin wannan wuri akwai yadda ake jera magana, kuma ba lalle mutanen can su ji daɗi ba. Ta ce bokitin fulawa yana nan inda yake. Ya dubi Kitione, Kitione ya dubi igiyar anka. Kawu ya ce ya yi alkawari.

Samarin gari suka zo da kwalekwale biyu suka kwashi yadi da kananzir, suna satar kallon Unaisi suna sunkuyar da kai. Su huɗun suka bi baya a nasu. Kitione ne ke riƙe da inji, kuma a nan ma bai tambayi kowa hanya ba. Torika tana zaune a gaba da haƙori a cinya, fulawa ta maƙale a saƙar igiyar, ta ƙi fita. Ta waiga sau ɗaya. Kwanciyar Hankali na nan a tsakiyar mashigin, ko motsi ba ya yi, babu mai kula da ankarsa.

Ruwa ya riga ya janye, kwalekwalen ya dafe a yashi tun da sauran tafiya. Suka sauka, ruwa iya ƙauri, Torika ta tattare wa Unaisi gefen masi don kada ya jiƙe. An shimfiɗa tabarmi tun daga bakin ruwa har rumfa. Maza a gefe guda, mata a gefe guda cikin riguna iri ɗaya, kowa a zaune, ba ka jin komai sai kukan tsuntsayen teku. Ta bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya tana neman goshin Unaisi, ko hancinta, ko wata da ta kasa ɗaga ido.

Sai wata ta miƙe daga layin gaba, abin da ba a yi. Wata tsohuwa ta kama mata riga, ta fizge. Ta tako ta sauka daga tabarma ta shigo ruwa da sabuwar rigarta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya tana ɗan jan ƙafar hagu. Torika ta san tafiyar nan tun kafin ta yarda ta san ta. Ta san hannuwan nan masu tabon cizon kaguwa. Sau nawa suka ɗora mata ƙatuwa a kan ciniki.

Salanieta ta tsaya a gabansu. Ba ta dubi Unaisi ba. Ta dubi haƙorin, ta dubi fulawar da ke igiyarsa, sannan ta ɗago.

"Sannu da zuwa, Torika."

Gatsal, kamar kullum. Ashe ba wasan ƙasa ba ne.

Daga cikin rumfa tsohuwar nan ta gaji da jira. Ta ɗaga murya, irin kiran da baki ya saba da shi shekara da shekaru.

"Maman Unaisi, shigo da ita mana, rana tana yi."

Torika da Salanieta, su biyun suka amsa.